Mataimaki da Bogenbiliyar Malama

Shekara goma sha huɗu ke nan ana kiransa Mataimaki. Daraktoci biyar sun zo sun tarar da shi a kujera ɗaya, sun tafi sun bar shi a kanta, har sunan ya biyo shi gida. Maƙwabta ma haka suke kiransa, kuma yana amsawa. Sashensa shi ne na Sa Ido da Tantancewa. Aikinsa ya je inda mutane ke gudanar da harkarsu lami lafiya, ya tambaye su me ya sa, sannan ya dawo ya rubuta shafi arba'in kan yadda za a gyara. Idan ya sha shayi ya sami nishaɗi, shi da bakinsa yakan ce bai taɓa ganin abin da ya lalace a hannunsa ba, domin kafin ya lalace ya riga ya miƙa rahoto ya yi gaba.

Matarsa, Malama, lissafi take koyarwa a makarantar sakandare. Da likita ya ce 'yarsu Auta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta kwanta ta huta har sai ta haihu, Malama ta ɗauki hutun wata uku ta haɗa akwati. Ba ta damu ta nuna masa inda gishiri yake ba, ko yadda ake kunna injin wanki. Ta ce mai digiri biyu zai gano, in kuma bai gano ba yunwa da datti za su koya masa. Abu ɗaya tak ta kira shi baranda ta nuna masa.

Bogenbiliya ce, irin shukar nan mai ƙaya mai hawa bango, wadda in ka taɓa furenta sai ka rantse takarda ce. Tana cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ba ta wuce bokitin wanka ba, a kusurwar barandarsu ta hawa na uku, inda rana ke duka tun hantsi har la'asar. Furenta yakan fito ruwan goro, in ya kwana biyu ya koma ruwan hoda, saboda haka kullum launi biyu ne a jikinta, har masu wucewa a titi sukan ɗaga kai. Asalinta daga gidan mahaifiyar Malama take. Bayan rasuwar tsohuwar aka sayar da gidan, aka rushe shi, aka jera shaguna a wurin. Ranar da aka kwashe kaya, 'yan'uwa na ta rabon kujeru da kwanuka, Malama ta yanki reshe ɗaya daga jikin katanga, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta taho da shi. Shekara tara ke nan. Duk duniya babu sauran wannan itacen sai a kusurwar nan, kuma Mataimaki ya san haka sarai, kada wani ya yi masa uzuri da rashin sani.

"Sa yatsanka a cikin ƙasar," in ji Malama.

Ya sa.

"Me ka ji?"

"Ƙasa."

"Danshi ko bushewa, Yallaɓai?" Ba ta ce masa Yallaɓai sai in tana so ya tuna ba a ofis yake ba.

"Da ɗan danshi."

"To in ka ji haka, ka cire yatsanka ka tafi harkarka. In ka ji ta bushe har gaɓa biyu, ka ba ta ruwa sai ya fito ta gindin tukunyar, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Shi ke nan."

"Babu jadawali?"

"Yatsanka ne jadawalin."

"Taki fa?"

"Na sa mata. Kada ka ƙara. Kada ka matsar da ita, kada ka yi mata aski, kuma don Allah kada ka karanta komai a kanta."

Ya yi dariyar mutumin da ya duba ayyukan ma'aikatu bakwai, yau ake koya masa riƙon tukunya ɗaya. Ya ɗauki akwatinta ya kai ta tasha.

Makon farko ya bi umarni kamar sabon ɗauka. Matsalar ta faro ne ranar Asabar ta biyu, da ya durƙusa zai zubar da ruwan faranti. Sai ya hango wasu fararen saiwoyi sun leƙo ta hudar gindin tukunyar, sun murɗe, sun rasa inda za su. Ya daɗe a durƙushe yana kallonsu. Shekara tara a tukunya ɗaya! Tana ta fure ba hutu, kowa na yabawa, amma ba wanda ya taɓa tunanin a ɗan faɗaɗa mata wuri. Wannan labarin ya san shi ciki da waje. Nan take, gwiwa a kan siminti, ya yanke shawarar cewa ko shi bai samu ba, wannan baiwar Allah za ta sami ƙarin girma kafin Malama ta dawo.

Ya yi karatu, ba shakka. Ya karanta shafuka da dama a wayarsa, kuma kamar kowane ƙwararre, ya tsallake duk inda aka saɓa wa ra'ayinsa. Ya sayo wata shuɗiyar tukunya mai ƙyalli, wadda sai da ƙarti biyu suka hau bene da ita suna nishi. Ba ta da huda a gindi. Ya lura da hakan, ya kuma sa shi cikin alfanu: ruwa ba zai ƙara ɗiga a kan shanyar matar hawa na biyu ba. Ya sayo baƙar ƙasa mai maiƙo, da buhun takin zamani da aka zana ƙaton kabeji a jikinsa.

Ya kama gindin itacen ya ja. Ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi, ƙaya ta nutse a tafin hannunsa, sai ga ta ta fito, ƙasar ta wargaje a kan silifas ɗinsa. Saiwoyin sirara ne kamar gashi, duk a cukurkuɗe. Ya taɓa ganin wani a bidiyo yana tsefe saiwar wani ɗan itace daban da ƙaramin ƙarfe, don haka ya shiga kicin ya ɗauko cokali mai yatsu, ya zauna ya tsefe su tsaf, ya wanke su a famfo. Yana yi yana jin ɗan ƙas-ƙas, ya ɗauka alamar sakewa ce. Abin da ya rage bayan ya gama bai kai gemun akuya ba. Ya dasa ta a tsakiyar sabon ofishinta, ya zuba taki da hannu biyu, ya juye mata ruwa bokiti guda. Sannan ya manna jadawali a bayan ƙofa, safe da yamma, da gurbin sa hannun mai ban ruwa da na mai dubawa. Duka biyun shi ne.

Ranar Talata furen ya fara zuba. Ba ya laushi ya ruɓe kamar na sauran shukoki. A bushe yake sauka, iska ta kwaso shi cikin falo yana ƙaraf-ƙaraf a kan daɓe, ya bi mutum har ƙofar bayi. Mataimaki ya kira wannan lokacin sabawa da sabon muƙami. Da ganye ya fara rawaya, sai ya yi abin da ake yi wa duk shirin da ya fara tangaɗi, wato ya ninka masa kayan aiki. Ruwa ya koma sau uku, taki ya ƙaru.

Malama takan kira da la'asar. Ta faɗi yadda Auta ta tashi, ta tambayi ko ya ci abinci, sannan a ƙarshe, kamar ba komai ba, ta ce, "Ya furena?"

"Ana samun sauye-sauye masu ma'ana."

"Wane irin sauye-sauye?"

"Na tsari."

"Baban Auta, ruwa kawai na ce."

"Ai ruwa kam tana samu. Wannan ko a gaban alƙali."

A mako na huɗu ganye bakwai suka rage, ya ƙirga sau biyu. Tukunyar kuma ta fara wani wari kamar na kwata. Ran nan ya bar ofis da wuri, ya nufi wurin wani tsoho mai sayar da furanni a bakin titi kusa da shataletale. Tsohon ya jera shukokinsa cikin baƙaƙen ledoji da gwangwanayen fenti. Can ƙarshen layin, inda ko inuwar sanda babu, ga bogenbiliya nan sun fi ashirin a cikin fasassun bokitai, ƙasarsu ta bushe har ta tsage, kowacce ta cika da fure kamar da gayya.

Mataimaki ya nuna hoto a waya, ya miƙa samfurin ƙasa da ya ƙunso a ambulan ɗin ofis. Tsohon ya shinshina ya kawar da kai.

"Maigida, kifi kake kiwo?"

"Fure ne, Baba."

"A cikin wannan taɓon? Sau nawa kake ba ta ruwa?"

"Uku."

"A wata?"

"A rana."

Tsohon ya jawo bokiti ya kife ya zauna, kamar labarin ya fi ƙarfin tsayuwa. Mataimaki ya zayyana masa komai daki-daki. Da ya zo kan cokali mai yatsu, tsohon ya roƙe shi ya maimaita a hankali, don yana so ya kai wa matarsa labarin ba tare da ya zubar da komai a hanya ba.

"Ita wannan ba ta son gata," in ji shi bayan ya share ido. "Matsatsin nan da ka gani ka ji tausayi, shi take so. Tukunya ta matse ta, rana ta gasa ta, ƙishirwa ta ɗan taɓa ta, sai ta tsorata ta yi fure. In ka ba ta fili da taki da ruwa, ko ta rayu ganye za ta yi maka kamar alayyafo. Saiwarta kuwa ko kallon banza ba ta so, balle cokali."

"Za ta tashi?"

"Mayar da ita tsohuwar tukunyarta, ka gauraya ƙasar da yashi, ka ɗauke hannunka. Amma ni ban sa rai ba. Abin da za ka yi yau, ba gobe ba, ka kankare bawon rassan da farce. Duk wanda ka ga kore a ciki, yanke shi, tsawon tafin hannu, kaurin fensir. Ka soke su a gwangwani mai huda, cikin yashi da 'yar ƙasa. Ka ajiye inda akwai haske amma rana ba ta bugawa. In ya bushe ka ɗan yayyafa ruwa. Sannan ka manta da su wata biyu."

Mataimaki na ta rubutu. "Ta yaya zan san sun yi saiwa?"

"Za su yi toho."

"Kafin tohon fa? Wace alama ce ta tsakiyar zango?"

"Babu."

"Dole akwai hanyar tantancewa, Baba."

"Akwai. Ka je ka zauna."

Kafin ya tafi ya ɗan rage murya, ya tambaya ko za a sami mai launi biyu, babba, mai kamar shekara tara a duniya.

"Akwai ja, akwai fara, akwai shunayya. Irin taku ban taɓa riƙewa ba. Kuma matar da ta shekara tara tana kallon itace ɗaya kowace safiya, ko ƙaya ɗaya ka canja za ta sani. Kai dai ba ka son zaman lafiya."

Rassa goma sha biyu ya samu masu sauran rai. Uwar ya mayar da ita tsohuwar tukunya, ta tsaya a kusurwa ƙaya zalla, kamar abin rataye hula. Yankakkun kuwa ya soke su a gwangwanayen madara, ya rubuta wa kowanne lamba, ya kai su ofis. Dalilinsa mai kyau ne: tagar ofishin na samun haske ba tare da rana ta buga ba. Ɗaya dalilin, wanda bai gaya wa kansa ba, shi ne a can zai iya sa musu ido awa takwas a rana.

Sakatariyarsa ta riga shi zuwa ma'aikatar da shekara shida. Dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci. Ita ta buga duk rahoton da ya taɓa rubutawa, saboda haka babu sauran abin da zai ba ta mamaki a duniya. Ta dubi gwangwanayen a jere, ta dube shi.

"Sababbin ma'aikata ne, ranka ya daɗe?"

Ya ba ta labarin a taƙaice: na Malama ne, na marigayiyar mahaifiyarta ne, babu wani sai su. Ya tsallake cokalin. Ta ce Allah ya raya, ta koma kan aikinta.

Kwana uku ya daure. A rana ta huɗu ya tsaya a gaban lamba ɗaya, hannu a baya. Sanda ce a cikin yashi. Jiya ma sanda ce. Ta yaya mutum mai hankali zai zauna wata biyu bai san ko aiki na tafiya ba? In a ƙarshe aka tarar babu komai fa, wa za a tambaya? Ya kama ta da yatsa biyu, a hankali ƙwarai, don shi ba mugu ba ne, ya zaro ta. Babu saiwa. Ya mayar, ya danna yashin, ya rubuta "babu" a gurbin da ya tanada. Tun da kuwa an duba ɗaya, adalci ya ce a duba sauran.

Daga nan abin ya zama tsari: Litinin da Alhamis, ziyarar gani da ido. Bai manta da maganar tsohon ba. Amma tsohon cewa ya yi a manta da su, bai ce kada a duba ba, kuma Mataimaki ya fi shekara ashirin yana cin abinci da irin wannan bambancin.

A mako na uku da soke su ya zaro lamba bakwai, sai ga wani farin zare siriri a gindinta. Ya ƙwala wa Sakatariya kira.

"Zo ki gani! Saiwa!"

Ta zo ta gyara tabarau. "Ma sha Allah. Mayar da ita, ranka ya daɗe."

"Bari in auna tukuna."

Ya ɗauko rula ya kanga. Santimita ɗaya da ɗigo biyu. Da ya ɗaga rular, saiwar ta biyo rular. Suka tsaya su biyu suna kallon ɗan zaren a manne a jikin roba.

"A rubuta?" in ji Sakatariya.

Litinin da ta biyo baya ya ƙirga gwangwani goma sha ɗaya. Lamba tara ta ɓace, har zoben tsatsar da ta bari a kan taga an goge.

"Ina lamba tara?"

"Ana dubawa, ranka ya daɗe."

"Wa ke dubawa?"

"Waɗanda abin ya shafa."

Ya san wannan amsar. Shi ya koya mata ita, saboda masu zuwa neman fayil. Ya rubuta takardar tuhuma zuwa ga masu shara, ya ba ta ta buga. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a tiren da takardu ke tsufa.

Sauran goma sha ɗayan suka bi juna a hankali. Kan sandar ke fara baƙi, baƙin ya gangaro, in ya zaro sai ya ji gindin ya yi laushi. Bai fasa ziyara ba ko sau ɗaya, har ya raka ta ƙarshen kwandon shara da cikakken bayani a rubuce. A gida kuma kowace Asabar yakan kankare bawon uwar da farce. Koren na ta ja da baya, daga rassa zuwa jiki, daga jiki zuwa gindi, har ranar da ya kankara dab da ƙasa ya ga busasshen itace.

A makon ne Auta ta haihu, mace. Malama ta turo hoton jaririyar, fuska a yamutse kamar ta riga ta ji labarin kakanta. Ta rubuta a ƙasa: "Kai ma turo mini furena in nuna wa Auta." Ya bincike wayarsa ya sami wani hoton bara, itacen ya cika ya batse, ya tura. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta yi ƙara.

"Baban Auta."

"Na'am."

"Yaushe ka ɗauki hoton nan?"

"Kwanan nan dai."

"Mayafin da ke kan igiya a bayanta, ga shi a kafaɗata."

Ya dubi silin. "Layin ba kyau," in ji shi.

"Layin lafiyarsa ƙalau. Sai na zo."

Ba ta ƙara tambayar furen ba har ta dawo, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo. Ya yi amfani da makonnin wajen shirya amsoshi. Tara ya samu, ya jera su daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, har da wadda ta ɗora wani kaso na laifin a kan sauyin yanayi.

Ranar da ya ɗauko ta daga tasha, ba ta ko cire takalmi ba. Ta ratsa falo ta buɗe ƙofar baranda, shi yana biye da akwati. Ta dubi shuɗiyar tukunyar da ke gefe, wadda ya rasa ƙartin da za su sauko da ita. Ta dubi jadawalin bayan ƙofa, sa hannunsa biyu-biyu a kowane layi. Sannan ta durƙusa gaban tata tukunyar. Ta kankare reshe, ta kankare ƙasa da nan, ta ci gaba da sauka har farcenta ya taɓa yashi.

"Me ta yi maka?" in ji ta.

Amsoshi tara suka watse kamar an kori kaji.

"Ba ta yi komai ba. Lafiyarta ƙalau. Na ga dai kamar ta cancanci fiye da haka."

"Ita ta ce maka?"

"A'a."

Ya ajiye akwatin ya faɗa mata duka, wannan karon har da cokalin. Ya faɗi tsohon mai furanni, da rassa goma sha biyu, da ɗayar da ta ɓace, da ziyarar Litinin da Alhamis.

"Tuge su kake yi?"

"Sau biyu a mako."

"Don me?"

"Don in tabbatar suna nan lafiya."

Ya ji maganar da kunnensa kamar wani ne ya faɗe ta a taro, wani wanda da zai so ya rubuta rahoto a kansa.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ɓalli ƙaya ɗaya tana jujjuyawa tsakanin yatsu. "Duk abin da Inna ta shuka da hannunta, wannan ce ta rage," in ji ta, kuma ba shi take gaya wa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da yamma ta yi girki, ta zuba masa, har ta tambaye shi ko gishiri ya ji. Da zaginsa ta yi da ya fi samun abin haɗiya.

Washegari ya zauna a ofis yana fuskantar tagar da babu komai a kanta. Sakatariya ta shigo da fayil, ta ajiye, ba ta fita ba.

"Malama ta dawo?"

"Ta dawo."

"Ta gani?"

"Ta gani."

"To ka kawo ta gobe, ranka ya daɗe. Akwai takardar da za ta sa wa hannu."

"Wace takarda?"

"Ta waɗanda abin ya shafa."

Ya ɗago kai da sauri. Ya tambaye ta ta gaba, ya tambaye ta ta baya, har ya tuna mata waye shugaban sashe. Ta ce ta sani, ita ke buga sunan. Bai yarda ya gaya wa Malama abin da zuciyarsa ke raya masa ba, don ya gaji da ba ta labarin abin da bai tabbata ba. Cewa kawai ya yi Sakatariya na son yi mata barka da jika.

Malama ta zo bayan an tashi makaranta. Matan biyu suka gaisa, aka duba hoton jaririya, aka yarda cewa hancin na gidan uban ne. Sannan Sakatariya ta ɗauko tarin makullai ta ce su biyo ta. Suka bi doguwar baranda, suka wuce ɗakin taro, suka wuce bayi, har ƙofar ƙarshe. Ɗakin ajiya ne, kantoci tun daga ƙasa har silin, cike da rahotanni masu shuɗin bango. Mataimaki ya gane su tun daga bakin ƙofa. Nasa ne duka.

"Nan ne na tabbatar ba mai shigowa," in ji Sakatariya. "Shekara goma sha huɗu ban ga wanda ya nemi makullin nan ba. Har kai, ranka ya daɗe."

Can ƙurya akwai 'yar taga mai kallon gabas. A ƙarƙashinta an tara rahoto shida don tsawo ya kai, a kansu kuma ga gwangwanin madara mai lamba tara. Sandar na nan yadda ya soke ta. Amma a jikinta, wuri uku, ga toho ya ɓullo, ganyen bai fi kunnen ɓera ba, kore mai ɗan ja a baki.

"Ranar Juma'a nakan ɗan yayyafa mata in na kawo sababbin rahotanni," in ji Sakatariya. "Ban san ko ta yi saiwa ba. Ban tambaye ta ba."

Malama ta matsa, ta sa yatsa a gefen yashin, ta cire. Ta ja bakin mayafinta ta goge ido, ta ce ƙurar takardu ce. Mataimaki kuwa bai san lokacin da hannunsa ya miƙe ba. Ba tugewa zai yi ba, ko kusa, zai dai ɗan girgiza ne ya ji ko ta kama.

"Kul!" in ji matan, murya ɗaya.

Ya mayar da hannun aljihu.

Ashe takardar ma da gaske ce. Sakatariya ta buga ta layi biyu, cewa an miƙa gwangwani ɗaya ga mai shi, kuma ba za a sake karɓarsa a wannan sashe ba. Malama ta sa hannu, ta rungumi Sakatariya, ta ɗauki gwangwanin da hannu biyu.

A mota ta ɗora shi a cinya. Mataimaki ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba, yana bin kowane rami da ban haƙuri, na baya na ta danna masa oda. Sai da suka yi nisa ya sami ƙarfin magana.

"Yaushe za ta yi fure?"

"In ta ga dama, shekara biyu. Ko uku."

Ya yi lissafi a zuci. Saura wata goma sha takwas ya yi ritaya. Daga nan zai kasance a gida tun safe har yamma, ba ofis, ba taro, ba ma'aikatar da zai je ya gyara, daga shi sai baranda. Ya saci kallon Malama ya ga ita ma lissafin take yi, kuma da yake sana'arta ce, ta riga shi kai wa ga amsa.

"Tsaya a shagon kayan gini," in ji ta.

"Tukunya za mu saya? Ai na karanta cewa..."

"Kwaɗo. Na ƙofar baranda."

Ya tsaya. Shi ya shiga da kansa, ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne ƙarfi, ya gwada huɗu, ya jijjiga su, ya zaɓi wani mai nauyi kamar dutsen guga. Da ya dawo mota Malama ta saki gwangwanin da hannu ɗaya ta buɗe masa tafi. Ya ɗora mata makulli biyu. Ta bar tafin a buɗe. Ya dubi titi, ya dubi ganyen nan uku, sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro makulli na uku.